Wa Zai Zauna da Baba a Asibiti

Zuwa ga Babana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ƙirjin ya lafa ka samu barci. Jikokinka suna yi maka ya jiki.

Baba, a bakin direbanka na ji wai jibi za a yi maka aiki. Direba fa! Shi ya zauna yana koya mini cewa tunda magani ya kasa daidaita bugun zuciyarka, za su zura siririyar waya ta jijiyar cinya har zuciya, su ƙona ɗan wurin da ke rikita bugun. Wai kuma mutum ɗaya asibiti ke bari ya zauna da kai, ka ce Auta.

Auta, Baba? Wadda ba ta san ƙwayar safe da ta dare ba? Shekara da shekaru wa ke riƙe hannunka duk sanda zuciyar ta hau gudu? Wa ke ɓoye maka gishiri kana fushi da ita? An ce ka ce ni faɗa gare ni, ita kuwa dariya take sa ka. To madalla. Kishi nake yi, ba zan ɓoye ba.

Ka dai gaya mata, bayan aikin a miƙe ake kwanciya, ba a lanƙwasa ƙafar sai likita ya ce. Na san ka da mutsu-mutsu.

Allah ya sa a yi a sa'a.

'Yarka ta fari.

*

Babana,

Ya jiki, ya ƙafar? Alhamdu lillahi, an ce bugun ya daidaita.

Na ji sauran labarin. Auta ta ba ka dariya har ka naɗe ƙafa, jini ya ɓalle a cinya, nas biyu suka yi ta danne wurin. Ita ta kira ni tana kuka, ko magana ba ta iya haɗawa.

Baba, Allah ya yafe mini. Kafin tsoro ya kama ni, sai da na ji sanyi a raina, na ce ai ga irinta. Jininka na zuba, ni ina murna na yi gaskiya. Tun jiya na kasa kallon kaina a madubi.

Na riga na haɗa jaka zan taho asibitin, sai kuma na kwance ta. Na lallashi Auta, na karanta mata magungunanka ɗaya bayan ɗaya. Kada ka yi mata faɗa. Bar ta ta zauna da kai, ni ban cancanci kujerar gefen gadonka ba.

Ka huta lafiya.

'Yarka mai faɗa.