Tulin Halal da Tulin Haram

Bagudo, 3 ga Maris

Zuwa ga Yayana Na'Allah,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Lami da duk mutanen gida. Yaya ƙafar taka? Ina fatan ka daina yi wa likita gardama kan gishiri. Na zaɓi takarda ne saboda a waya ba ka barina in kai ƙarshen magana.

Ka tambayi yadda ɗanka Jamaluddeen yake a wurin aiki. Lafiyarsa lau, har ya yi ƙiba. Wata uku ke nan da ka turo mini shi da digiri biyu kan kula da muhalli, ka ce in ba shi manaja. Na ba shi don kai ne babba.

Shekara goma sha huɗu ina shuka wa mutane ciyawa da furanni da shinge, a gidaje da makarantu da masaukai, ina komawa ina aske su. Ban taɓa sayen tukunyar renon shuka ba, a ledar fiya-wata nake reno. Tsofaffin tayoyin motocin iyaka su ne kwandunan furena. Fasassun bulo da magina ke zubarwa da su nake shimfiɗa hanya. To wannan aikin ne ɗanka ya zo ya koya mini. Ya tara mu a gindin mangwaro ya yi mana lacca ta awa biyu kan illar leda, sannan ya buga ƙaton allo na sabuwar leda, ya rubuta BABU SHARA, ya rataya a ƙofa. Shi ne shara ta farko da ta shigo lambun nan da ban san yadda zan yi da ita ba.

Har Rabi ya yi wa bita. Rabi da ta shekara goma sha ɗaya tana tsince mini ganye, wadda da shafa kawai take gane kowane reshe. Ta saurare shi har ya gama, ta tambaye ni ko yaron yana cin abinci sosai.

Ka tuna Yero, makiyayin da ke zaune bayan lambuna ta hanyar Geza? Duk rani 'yan'uwansa suna ƙetarawa Benin neman kiwo, shi yana zama, saboda ɗanyar ciyawar da muke askowa daga gidajen da ake ba ruwa. Shanunsa su ci, su bar mini kashi, in haɗa da ƙaiƙayin shinkafa in yi taki. Ba takarda tsakaninmu, kuma a kan wannan takin duk sana'ata take tsaye. Abin da muka asko tuli biyu muke yi. Wanda dabba za ta iya ci muna ce masa halal. Wanda ba ta ci muna ce masa haram, yana kewaye da wayar ƙarfe, yana ruɓewa shi kaɗai. Jiya na ji Jamalu yana dariyar sunayen. Bai tambaye ni ba, ni ma ban tanka ba. Wa zai koya wa mai digiri biyu ganye?

A gaida Lami. Ƙanwarka,
Mariya

Bagudo, 19 ga Maris

Yaya Na'Allah,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kuna lafiya. Mu ba mu lafiya.

Na tafi Bahindi kwana huɗu shimfiɗa ciyawa a wani sabon gida. Na dawo na tarar shanun Yero uku sun mutu, biyu da ciki. Ta huɗu tana kwance tana dalalar da yawu. Na duba bayan lambu, babu waya, babu tuli biyu. An haɗe su wuri ɗaya, an share wurin tas, har da zanen tsintsiya.

Yanzu ka zauna ka ji ilimin da ka biya wa kuɗin makaranta. Yawancin tulin haram daga wani masauki yake fitowa, can kusa da iyaka, inda direbobi ke kwana, inda kowa ya san ana sayar da giya. Ɗanka ya lura da haka, ya yi nazari, ya gano cewa Gwaggonsa tsohuwar ustaziya ce mai ƙyamar ganyen gidan giya. Ya gaya wa ma'aikata cewa reshe ba ya shan barasa, addini bai haramta ciyawa ba, kuma barin abincin dabba yana ruɓewa almubazzaranci ne. Har aya ya jawo musu. Rabi ta ce masa ba don giya ba ne, don shingen ne. Ya ce mata ai abin da yake faɗa ke nan, shingen bai yi laifin komai ba.

Shingen masaukin nan furen nan ne mai rawaya, mai siririn ganye, wanda in ka karya shi yake fitar da farin ruwa kamar nono. Guba ne tun daga saiwa har 'ya'ya. Saniya ba ta kula shi a tsaye, amma in an daddatse shi an cuɗa da ɗanyar ciyawa a tsakiyar rani, za ta haɗiye. Na karanta wannan a wani tsohon littafin aikin gona tun ina koyarwa a firamare, shi kuma aka ba shi digiri biyu ba a kai shafin ba.

Ba zan ɓoye maka ba, Yaya, ban yi barci ba. Ranar da na ji yana dariya, kalma biyar ta isa. Na riƙe su don ina jin daɗin kallon jahilcinsa.

Abin da ya fi muni, Yero bai sani ba. Yana zargin wasu manoman Geza da suka yi cacar baki da shi bara kan mashaya. Ƙannensa sun fara zuwa, suna zama suna kallon hanyar Geza. Ɗanka kuwa shawararsa ita ce mu yi shiru, wai mu bari bincike ya nuna.

Ƙanwarka,
Mariya

Bagudo, 24 ga Maris

Yaya,

Gaisuwa. Saƙonka ya iso ta hannun direba. Na gode da zumar. Na karanta maganar rufin asiri sau biyu, na ga ka rubuta sunan gidanmu sau huɗu, ba ka rubuta sunan Yero ko sau ɗaya ba. Ka ce Jamalu yaro ne. Shekararsa talatin da uku. A shekarunsa kai kana da 'ya'ya uku da hawan jini.

Ka makara. Tun shekaranjiya na ɗauki reshen shingen nan na tafi rugar da ƙafata. Na karya shi a gaban Yero, na nuna masa ruwan, na gaya masa komai, har da shirun da ni na yi. Na ce mutanen Geza ba ruwansu. Ya aika aka sallami ƙannensa. Na yi maganar biyan shanun, ya ɗaga hannu, ya ce wannan na gaba ne, ya san ba zan gudu ba. Ya kira mini sunayensu ɗaya bayan ɗaya, ya ce babbar daga garken mahaifinsa ta fito. Abu ɗaya ya nema: wanda ya cire wayar ya zo da kansa ya tsaya a gabansa ya ce shi ne. Ba zagi, ba duka. Ya ce ba zai iya barin shanunsa su ci daga hannun wurin da mutum zai yi kisa ya ɓuya ba. In bai zo ba zuwa Juma'a, zai bi 'yan'uwansa.

Na dawo in gaya wa manajana, na tarar ya shiga motar Birnin Kebbi tun da hantsi, wai an kira shi taro. Na san taron. A falonka ake yinsa, Lami tana dafa masa shinkafa.

Ka turo shi, Yaya. Minti biyar ne. Zan tsaya kusa da shi in yana tsoro.

Mariya

Bagudo, 29 ga Maris

Yaya Na'Allah,

Ina gaishe ka, don an koya mini gaida na gaba.

Juma'a ta zo ta wuce. Yero ya sa wanki, ya shimfiɗa tabarma biyu, ya jira daga saukowar masallaci har la'asar. Ni ma na zauna. Wajen ƙarfe huɗu saƙon ɗanka ya shigo wayata, da Turanci, yana nuna takaicinsa kan abin da ya kira giɓin sadarwa. Yero ya tambayi abin da aka rubuta. Na yi ƙoƙarin mayar da shi Hausa, na rasa inda mutum yake a cikin jimlar. Na ce masa ba zai zo ba.

Ya naɗe tabarma ɗaya, ya bar mini wadda nake kai. Jiya da safe shi da shanunsa suka ƙetara Benin. Saniyar da ke kwance ta tashi, da ita aka tafi, tana baya.

Yau an kawo ciyawa mota guda daga makaranta, koriya shar, tana nan tana yaushi a rana. Kayan Jamaluddeen suna hannun direba, akwati biyu da takardun shaidarsa, na goge musu ƙura. In wani ya tambaye ka inda ya yi aiki, ka ba shi lambata. Zan faɗi gaskiya.

Allah Ya ƙara wa ƙafarka sauƙi.

Ƙanwarka,
Mariya