Kwalbar da Muka Ɗauko a Karshi

Mararaba,
ranar Laraba.

Zuwa ga matata Safara'u, Maman Ammar,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da Ammar da duk mutanen gida. Yaya ƙarfin jikin surukina Baba Malam? Yaya Zariya, ruwa ya sauka kuwa? Ni lafiyata ƙalau, sai dai kewarku da ta dame ni.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a hannun ƙanenki Ilyasu, alhali muna gaisawa a waya. Tun tashin bam ɗin tashar Nyanya kowa ya koma tauna maganarsa, ana cewa ana sauraron wayoyin mutane. Ban san gaskiyar abin ba, amma maganar da zan yi miki ba ta waya ba ce. Gara da na mai da ku gida. Yanzu kafin in kai shago a Wuse sai rana ta ɗaga, saboda shingen binciken da aka kafa a hanyar shiga gari. A mota kuwa, duk wanda ya rungumi jaka sai a yi ta satar kallonsa, ni ma ina kallon na wasu.

Hajiya Rukayyat, wadda ke aiki a ma'aikatar tarayya, ta kawo mini sarƙar gwal ta marigayiya mahaifiyarta, ta tsinke a wurare da dama. 'Yarta Nabilah za ta saka ranar bikinta. Sai ga shi sifirit ɗina ya ƙare. Kin sha ganina ina jiƙa farin garin nan, boras, a cikinsa, in tsoma gwal, in kunna masa wuta. Sifirit ya ƙone, garin ya zauna a jikin gwal kamar riga, sannan in yi liƙi ba tare da wuta ta ɓata launinsa ba. Na gwada da ruwa, sai tafasa da tartsatsi, yana ture ɗan sinadarin liƙin daga inda na aje shi. Ba zan yi wa tsohon gwal mai laushi irin wannan ganganci ba.

Mai shagon da na saba saye a wurinsa ya dubi hulata da gemuna, ya ce daga yanzu sai da takardar kamfani. Mutumin da muke cin goro tare! Sifirit ɗin kemis kuwa an tsarma shi da ruwa, ko kamawa ba ya yi sosai. A wani shago a Karu, da na tambayi babbar kwalba, sai matar da ke shagon ta ɗauki wayarta tana kallona. Wallahi ban san yadda na fito ba. Na yi tafiya mai nisa a ƙasa ina waiwaye kafin in iya tsayar da mota.

Thaddeus ne ya kawo shawara, mai gyaran agogon nan da teburinsa ke bakin ƙofar shagona. Ya ce akwai wata 'yar'uwar matarsa a Karshi, Naomi, mai dafa ogogoro, giyar gargajiyar nan mai ƙarfi, wataƙila nata ya yi. Na san abin da zai zo miki a rai. Ba sha zan yi ba, ƙonewa zai yi a kan gwal. Duk da haka gabana faɗuwa yake in na tuna zan shiga irin wannan gida. Ranar Asabar za mu je tare. Kada ki gaya wa Baba Malam, ki dai sa ni a addu'a.

Ki shafa mini kan Ammar. Ki gai da Umma da kyau.

Mijinki,
Datti

Mararaba,
ranar Lahadi.

Zuwa ga Safara'u,

Assalamu alaikum. Ina fata kun wayi gari lafiya, ke da yaro da su Baba. Ki yi haƙuri da rubutun nan, cikin gaggawa nake yin sa. Ina gida, ba abin da ya taɓa jikina. Na fara da wannan don hankalinki ya kwanta kafin ki karanta sauran.

Mun je Karshi jiya da hantsi, ranar kasuwa. Gidan Naomi yana bayan masu sayar da doya. Dattijuwa ce mai kirki. Da ta ga hulata sai ta kai mu ta baya, wajen turken awaki, don kada masu sha su gan ni. Na tafi da jakar aikina saboda in gwada a wurin. Nata ogogoron bai yi ba, ruwa ya yi masa yawa. Sai ta shiga ɗaki ta fito da wata jarka. Ta ce wani ne ya kawo mata, wai a riƙa ɗigawa a giya don ta ƙara ƙarfi, amma ba ta taɓa zubawa ba, domin ta ji labarin yana makantar da mutum, har yana kisa. Na zuba kaɗan a murfi, na sa garin, ya narke tas. Na ƙyasta ashana, wuta ta tashi koriya shar, irin wadda nake nema. Ta cika mini kwalbar ruwa ta roba, ta riƙe hannuna ta ce ko a harshe kada kowa ya ɗanɗana. Thaddeus yana tsaye, ya ji komai.

Daga nan muka shiga bas don in wuce shago. A shingen shiga gari aka ce kowa ya sauko da kayansa. Wani jami'i ya zazzage jakata a kan titi. Safara'u, sai a lokacin na ga kayana da idon wani. Farin gari a leda, ruwa marar suna a kwalba, 'yar tukunyar gas da bututunta, guntayen waya, hantsaki, ashana. Mutane suka watse daga kusa da ni kamar an jefa maciji. Wata mata ta fasa ihu. Aka ce in durƙusa in ɗora hannu a ka, na ji bakin bindiga a ƙeyata, da ɗumin rana a jikinsa.

Na ce ni maƙerin gwal ne. Na faɗa da Hausa, na faɗa da guntun Turancina, ba wanda ya saurare ni. Na ji ɗaya yana cewa a kira mota a tafi da ni. Kin san waɗanda ake tafiya da su a kwanakin nan, ba kowa ake sake jin labarinsa ba. Na fara kalmar shahada. Fuskar Ammar kawai nake gani.

Thaddeus yana cikin waɗanda suka ja da baya, ba wanda ya san tare muke. Da ya yi shiru da ya wuce abinsa. Sai na ji muryarsa yana matsowa, hannuwansa a sama, yana cewa, “Oga, maƙwabcina ce, gwal take gyarawa a Wuse. Wannan kwalba ogogoro ne kawai.” Kin san Hausarsa, namiji da mace duk ɗaya ne. Jami'in ya buɗe ya shinshina, ya miƙo mini ya ce in giya ce in sha su gani.

Ban taɓa shiga tsaka mai wuya irin wannan ba. In na ce guba ce, na tabbatar musu da zarginsu. In na sha, ga haramci, ga abin da Naomi ta faɗa. Ina nan durƙushe, sai Thaddeus ya karɓe kwalbar ya ce, “Malam ce, ba ta sha. Nawa ne, ita ta riƙe mini.” Ya kafa kai ya kurɓa. Jami'in ya ce ya ƙara. Ya ƙara, ya sake ƙarawa, yana tari, hawaye na zuba, yana yi musu dariya. Su ma suka yi dariya. Wani babbansu ya zo ya duba garin da katin shagona, ya ce mu kwashe tarkacenmu mu ɓace.

Muna yin nisa na ja shi bayan wani kiyos ya sa yatsa ya yi amai. Na roƙe shi mu je asibiti, ya ƙi. Ya ce za a tambaye mu me ya sha, a ina muka samo, a jawo wa Naomi bala'i, a dawo kaina. Ya ce shi ƙalau yake ji, har ya sayi masara ya ci.

Yau da safe na je gidansa. Bai je coci ba. Matarsa Christina ta ce kansa ke ciwo. Na same shi zaune yana murza ido, ya tambaye ni ko wani na ƙona shara ne a waje, don yana ganin hayaƙi a ɗakin. Safara'u, babu hayaƙi ko kaɗan. Na ce mu tafi asibiti, ya ce in ba shi zuwa azahar, na ce a'a. Na dawo ɗaukar kaya ne, Christina ta tafi neman mota, shi ne na tsaya na rubuta miki wannan don Ilyasu zai juya yau. Mutumin da idonsa ne abincinsa! Ki tashi ki yi alwala, ki roƙa masa Allah da sunansa.

Naki,
Datti

Mararaba,
ranar Juma'a.

Zuwa ga matata abar ƙaunata Safara'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da kyau, ina gai da Ammar, da Umma, da Baba Malam, da fatan jiki yana ƙara sauƙi. Na san kin ƙagu. A waya na ce miki da sauƙi kawai, ga cikakken bayani.

Kafin mu isa asibiti Thaddeus ya fara numfashi sama-sama, yana riƙe da hannuna yana tambayar wa ke nan. A bakin ƙofa na yanke shawara ba zan ɓoye komai ba, ko da daga nan za a wuce da ni. Likitar wata matashiya ce mai lulluɓi. Na ajiye mata kwalbar a tebur, na faɗi yadda aka yi, ban dai ambaci sunan Naomi ba. Ina jira ta ɗauki waya kamar matar Karu. Ba ta ɗauka ba. Ta yi salati, ta sa aka ɗaura masa ruwa nan take, sannan ta juyo ta ce maganin da ya kamata a yi masa babu shi a wurinsu, kuma ba zai jira a nemo ba. Ta ce abin da zai tare gubar yanzu shi ne giya ta gaske, ta kamfani, mai ƙarfi, wadda ba a buɗe ba. Wai ita ke shagaltar da hanta har gubar ta fita, kuma ita da kanta za ta riƙa auna masa. Na zaci ban ji daidai ba. Ta ce, “Malam, gudu za ka yi, ba kallona ba.”

Na fita da gudu. Ban san inda ake sayarwa ba, sai da na tambayi 'yan acaɓa, suna kallona suna murmushi. Suka nuna mini wata mashaya a bakin titi, cike da mutane, ana kiɗa. Na shiga da hulata da rigata, na ce a ba ni mafi ƙarfi. Ina fitowa da kwalbar a hannu, ko leda ban tsaya karɓa ba, muka yi ido huɗu da Alhaji Badaruddeen mai shadda, ɗan unguwarku, yana cikin motarsa a go-sulo. Ya dube ni, ya dubi kwalbar, ya ɗaga gilashi. Ban tsaya ba.

Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda suka wuce ba. Ni da Christina muna zaune a benci, tana addu'arta ina tawa. Duk fitowar ma'aikaciya sai mu miƙe tsaye. Na kasa haɗa ido da Christina, har sai da ta ce mini in daina sunkuyar da kai, mijinta ba yaro ba ne, ya san abin da ya sha. Ta ce da an tafi da ni a gabansa, da ba zai ƙara iya zama a bakin shagon nan ba. Kuka kawai na yi, a gaban mutane.

Shekaranjiya ya farfaɗo sosai. Alhamdu lillahi ya rayu. Idon dama ya washe, yana gane fuska, yana karanta manyan baƙaƙe, kuma likita tana sa ran zai ƙara. Na hagu kuwa ta ce kada mu sa rai, haske kawai yake gani da shi. Abin da ya fi tsaya mini shi ne da hagun yake maƙala gilashin aikinsa. Da na zauna kusa da shi na fara ba shi haƙuri, sai ya katse ni ya ce agogunan mutane suna cikin durowarsa, in je in kulle kada a sace.

Na shigar da teburinsa cikin shago, kusa da nawa, inda fitila ta fi haske. In ya dawo, shi zai riƙa gano ciwon agogo, ni in riƙa kama masa ƙananan kusoshin da hantsaki har ya saba da idon dama. Bai amince ba tukuna, yana cewa hannun maƙeri ya yi wa agogo nauyi. Sarƙar Hajiya na mayar mata, na gaya mata dalili. Sai ta tambayi sunan asibitin. Jiya ta je da kanta ta duba shi, ta ce za ta sa a kawo mini sifirit mai takarda daga Legas, bikin da saura. Kwalbar Karshi tana wurin likita. Na aika wa Naomi ta rabu da sauran jarkar yadda ba wanda zai kai gare ta.

Har yanzu in mota ta doshi shingen nan sai gumi ya karyo mini. Na daina ɗaukar jaka gaba ɗaya. Amma ina so ki dawo, in Baba ya ji sauƙi. Christina ba ta da kowa a nan, ga yara, ga jinya, kuma ni ba zan iya shiga mata ɗaki in taya ta ba. Ke za ki iya.

Abu na ƙarshe. Alhaji Badaruddeen yana zuwa Zariya duk ƙarshen mako, na kuma san maganar za ta riga ni isa zauren Baba Malam. Na ce miki a baya ki ɓoye masa, yanzu na janye. Kada ki musa, kada ki ce ƙarya aka yi mini. Ki ce gaskiya ne, an ga Datti ya fito daga mashaya da kwalba a hannu da rana tsaka. Sannan ki ba shi takardun nan duka ya karanta. In ya gama, ki roƙe shi ya sa Thaddeus a addu'arsa ta bayan sallar asuba, don nasa bakin ya fi nawa.

Ki gai da kowa da kowa. Allah ya sada mu da alheri.

Ni ne mijinki,
Datti