Yatsan Yaya Guilan

Litinin, 3 ga Nuwamba
Na kai Yaya Guilan asibitin da ke ƙetaren kogi. Wata bakwai ke nan ba ta magana. Ciwon damuwa mai tsanani, in ji su. Suka ɗora mata hula mai wayoyi, suka saka mata abin sauraro a kunne. Ɗin, ɗin, ɗin, sauti ɗaya, can sai wani bare ya faɗo a tsakani. Likita Shan ta ce lafiyayyar ƙwaƙwalwa takan zabura da baren nan ko mai ita bai kula ba. Layin Yaya a allo da ƙyar ya motsa. Kamar ana sallama a ƙofa, mai gida yana can ƙasan rijiya.

Yaya fa! Wadda ta shekara talatin tana koyarwa a masallacin mata, ko wasali ɗaya muka karkatar sai ta buga yatsa a tebur. Tak.

Alhamis, 6 ga Nuwamba
Taliya loma uku Yaya ta ci. Shayin magarya sai da na tura mata kofi na ce, "Sha."

Juma'a, 14 ga Nuwamba
Likita tana dariya ta ce, "Gwaggo, ki yi mata karatu, ki yi kuskure da gangan mana, mu gani." Na ce, "'Yar nan, Littafin Allah ba rediyo ba ne da za a murɗa." Ta ce, "Tuba nake, Malama."

Ba zan yi ba. Amma har muka hau bas ina kallon yatsan.

Laraba, 19 ga Nuwamba
Sun roƙe ni in sa hular, wai suna neman masu lafiya don kwatantawa. Ɗin, ɗin, ɗin. Na yi ta jiran baren, bai zo ba. Na ce, "Na'urarku ta lalace." Likita ta dubi allo, ta dube ni. "Gwaggo, kina samun barci kuwa?" Ta miƙo min kati mai lambar wayarta.

Talata, 25 ga Nuwamba
Butar shayi ta ƙone. Maƙwabciya ce ta leƙo, wai tun ɗazu butar take ta kuka. Ni kuwa ina zaune a gefen butar. Tsufa ne.

Juma'a, 5 ga Disamba
Da hantsi ina karanta wa Yaya Yasin kamar kullum.

Tak.

Na ɗaga kai. Yatsan yana kan tebur.

"Yulan. Kin tsallake aya." Muryar kamar ƙofar da ta daɗe a kulle. Alhamdulillah, Alhamdulillah.

Na koma baya na duba. Aya biyu ne ma. Allah shaida ba da gangan na yi ba. Ban ji ba ne.

Ta daɗe tana kallona, kallon sani. Sai ta turo min kofinta. "Sha."

Katin nan na Likita yana aljihun rigata. Ban yar ba dai, iyakarsa ke nan.