Ƙahon Rago a Gindin Tsamiya

Lahadi, 3 ga Zulƙida, 1312

Kwana bakwai ke nan da rasuwar Malam, mahaifinmu. Har yanzu in na ji tari a zaure sai in zabura in gyara zama. An yi sadaka, an watse. Alƙali ya aiko cewa ran sha takwas ga wata zai raba gado, kowa ya san gonarsa kafin ruwa ya sauka. Nan ne Musa Dogo da Haruna masunci suka ce akwai wasiyya. A gabansu Malam ya rubuta yana kwance, ya naɗe, ya ce su shaida, amma bai karanta musu ba. To ina take? Oho.

Talata, 5 ga wata

Ni da ƙanwata Hauwa mun zazzage gafaka uku, mun buɗe littattafai warƙa-warƙa, mun ɗaga buzu, har jinkar ɗaki na sa hannu. Babu. Sai ƙanshinsa kawai, turare da hayaƙin kara. A cikin wani littafi na tsinci rubutuna na farko, baƙaƙe kamar kaza ta yi tonon shara. Ashe ya ajiye, shekara ashirin da biyar! Na fita waje don kada Hauwa ta ga idona.

Yaya Audu ya ce in babu takarda, shari'a ta san hanyarta. Na san abin da yake nufi: gonar bakin tabki. Ta Malam ce, amma ƙanensa Baba Kanta ke noma ta tun ban san kaina ba. Baba Kanta yana kan al'adar Anna, masu bin addinin gargajiya, goshinsa bai taɓa ƙasa ba. Ga mu 'ya'ya maza, ga shi ba ya salla, ta ko'ina ba shi da gado. In ba wasiyya ta ambace shi ba, bana ba shi da inda zai sa iri.

Kuma tunda ba mai karanta wannan sai ni: ni ma ina son gonar nan. Wa zai ƙi ƙasar da ke ba da dawa da damina, ta ba da albasa da rani?

Juma'a, 8 ga wata

Ba a samu ba. Ciwon kai.

Talata, 12 ga wata

Yau tunanin faɗanmu da Malam ya hana ni sakat. Duk shekara gab da damina yakan yi wa Baba Kanta rubutun albarkar gona, shi kuma ya cusa a ƙahon rago, ya toshe da kakin zuma, ya binne a gindin tsamiyar gonar. Da ina ƙarami murna nake yi da ranar, don Baba Kanta yakan gasa mana tarwaɗa a bakin ruwa, su biyun su yi ta tsokanar juna, wannan ya ce "arne", wancan ya ce "mai goshin ƙasa". Da na dawo daga karatu gabas, kai ya kumbura, na ce, "Malam, sunan Allah a gindin itacen da ake yanka wa jan zakara?" Ya dube ni ya ce, "Hamisu, karatu ka samu, saura hankali." Wata biyu ban ci tuwo tare da shi ba. Wayyo, da zan samu watannin nan biyu yanzu.

Alhamis, 14 ga wata

Hauwa ta matsa sai na kai wa Baba Kanta naman sadaka. Na iske shi zaune a gona, ko shara bai yi ba. Ya tsufa ƙwarai. Ya ce Audu ya faɗa masa kada ya wahalar da kansa. Ya ce, "Ba komi, ɗana, in tahi Safo wurin dangin uwarmu." Can ya nuna tsamiya da haɓa. "Abin da ya dame ni, bana da wuri ya ba ni rubutun, tun shina kwance, baki ya riga ya daina magana. Na binne. Ga albarka a ƙasa, ga ni zan bar ta."

Ashe wasiyyar ce ya binne. Ni na dama wa Malam tawada a ciwon nan, kuma sau ɗaya tak ya riƙe alƙalami.

Na ɓoye masa. Na yi sallama na taho.

Asabar, 16 ga wata

Kwana biyu bakina a rufe. In na yi shiru, gara da ruwan sama za su gama aikin, ba wanda zai ce Hamisu ya yi ƙarya. Na ja sallar azahar na rasa raka'a nawa na yi. Tir da ni.

Lahadi, 17 ga wata

Da hantsi na ɗauki Musa Dogo da Haruna muka tafi. Baba Kanta ya ƙi atafau. "Haba Hamisu! Ana tone abin da aka ba ƙasa?" Sai da na durƙusa, abin da ban yi masa ba tun da na fara naɗa rawani. Da kansa ya tona, ya ciro ƙahon, ya ɓare kakin da farce, ya zaro takarda. Musa Dogo ya ce wallahi ita ce, ga zaren ja da aka ɗaure ta da shi.

Hannun Malam ne, duk ya karkace. Ga abin da ta ƙunsa:

"Gonar bakin tabki ta Kanta ce, ba ta kai sulusin abin da na bari ba. Shi ya yi noma ya ciyar da uwarmu shekara tara ina yawon karatu. Duk harafin da na sani, da guminsa na saye shi. Hamisu, kai za ka karanta wa alƙali. Kada ka tsallake ko saɗara ɗaya."

Ya san ni. Har a gadon mutuwa ya san ni.

Baba Kanta ya ce, "Wace addu'a ce bana ta sa ka kuka?"

Litinin, 18 ga wata

Na karanta, ban tsallake ba. Shaidu sun shaida, alƙali ya zartar. Yaya Audu ya kaɗe rigarsa ya fita. Zai huce, ko kada ya huce.

Alhamis, 19 ga Zulhajji

Jiya an yi ruwan shuka, tabki ya fara ɗagowa. Da safe Baba Kanta ya shigo zaure, ya zauna daidai inda yakan zauna, ya ajiye ƙahon nan a gefen buzu, wofi. Bai roƙa ba. Ya yi ta zancen tarwaɗa da tsadar gishiri.

Ni dai ra'ayina yana nan, ban sake ba. Tawadar Malam ce ta rage a kurtu, kuma zunubi ne a bar ta ta bushe a banza. Na rubuta, na naɗe, na miƙa masa. Na raka shi har gindin tsamiya, don ƙafarsa ba ta da kyau kuma hanyar da santsi.

Da ya ɗauko zakaran, sai na juya ina kallon ruwa.