Murfin Bokitin Ƙofar Coci

Baban Godiya,

Na tahi Tozai kai wa Yaya Saratu magani, ban tashe ka ba. Kunu na cikin filas.

Jiya ba ka je Misa ba, to ji abin da Inna ta yi mini. Ka san saboda korona Fada ya sa an kwashe ruwa mai tsarki daga bakin ƙofa, aka ajiye bokiti mai famfo da sabulu, aka ce ni zan tsaya a kai. Inna na isowa ta ɗaga murfin, ta tsoma yatsunta ciki, ta yi alamar gicciye. Tsofaffin da ke bayanta duk suka bi sahu, har da Baba Istifanus mai tarin nan. Na ce, "Inna, na wanke hannu ne." Ta ce tun kafin a haife ni take shiga coci, ba ni zan koya mata ba. Mi za ni ce wa uwar mijina a gaban jama'a?

Fada ya ce in jami'an lafiya suka ga haka, sake rufe cocin za su yi. Ni kuwa Inna nake jiye wa, ga tsufa ga hawan jini.

Na ajiye wayar ɗauri da filaya a kan taga. Ka je ka ɗaure murfin nan tam kafin Misar yamma. In ta tambayi wanda ya ɗaure, ka ce kai ne. Kai ta haifa, ba ni ba.

Rifkatu