Ƙoƙon da Ka Miƙa wa Lovro

Dinko ɗana,

Kada ƙanenka Lovro ya ga takardar nan. Ina gaisuwa. Yaya ƙafar kakarku? Lafiyata lau a Jamus, bayana ne kawai ke kuka da ɗaga tsohuwar da nake jinya.

An ce kana taya Fada raba Jibin Ubangiji a coci, ka miƙa wa Lovro ƙoƙon ruwan inabi, ya kurɓa ya ce, "Yaya, ƙanshin Baba!" Kai kuma ka yi dariya. Jinin Almasihu ne, na sani. Amma kai ka ɗauko gawar mahaifinku a ƙofar mashaya.

Allah ya yi muku albarka. Daga yau, yaron gidana gurasa kaɗai zai karɓa. In ya iso gaban ƙoƙo, ya sunkuya ya wuce, ko da kai ke riƙe da shi.

Mahaifiyarka,
Zdenka