Kada Kowa Ya Miƙa Masa Hannu

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya iyali?

Ka dai ji injin yankan katako ya kwashe wa ƙaninka fatar bayan hannun dama, har jijiyoyi a waje. To an yi aikin. Likita ta ɗago fatar cikinsa, ba ta yanke ta duka ba, ta lulluɓe ciwon da ita ta ɗinke. Yanzu hannun manne yake da cikin, sai bayan mako uku, in fatar ta kama, a raba su. Ta ce muddin ɗinkin ya tsinke fatar mutuwa za ta yi. Hannun kafinta ne fa, Yaya, da shi muke ci.

Masu dubiya ne suka ishe ni. Ka san halinsa, kowa ya miƙo hannu sai ya zabura zai karɓa. Jiya kaɗai mutum goma sha tara! Na manna takardar hana musabaha a jikin gado, ya sa aka cire, wai wulaƙanci ne. Na ɗaure masa damtse da ɗankwali, ya ce na mai da shi akuya. Don girman Allah ka daina aiko mana jama'a, su yi addu'a daga gida.

Ka huta lafiya,
matar ƙaninka.

Amarya,

Wa alaikumus salam. Shekara goma sha biyu da aure, har yau ba ki daina zuzuta abu ba. Da wane baki zan hana dangi dubiya? Musabaha ce za ta kashe mutum? Ki kwantar da hankalinki, ranar Asabar ina tafe da kaina.

Allah ya ƙara sauƙi,
Yayanku.

Yaya,

Gaisuwa a taƙaice. Tunda ka ga jini ka fice, ga abin da ka bari.

Sau biyu na gaya maka a bakin ƙofa, ka ce ka ji. Kana shiga ka miƙa masa hannu! Shi kuwa ina zai iya barin hannun yayansa a tsaye? Ɗinki huɗu ne suka tsinke. Gefen fatar ya yi baƙi, gobe za a sake shiga da shi tiyata, kuma likita ta ce ba ta yi alkawarin yatsu biyu za su ƙara lanƙwasuwa ba.

Shi abin da ya dame shi wai ko ka yi fushi. Ban sani ba. Ni dai wallahi na yi.

Sai anjima.

Ƙanwata,

Salam. Ban koma gida ba. Ina kan bencin da ke ƙofar ɗakinku tun safe, nas ce za ta kawo miki wannan. Na kori mutum bakwai, har da Kawu, ya ce ba ni ba shi.

Kada ki gaya masa ina nan, zai ce sai ya taso ya gaishe ni.

Ki yafe mini,
Yayanku.